Akwatin giyar da ba shi da giya: kula da motocin CVT a zafin Damagaram

A watan Afrilun bara, azahar ta gota, muna kan hanyar Matamaye ni da yayana a motar da ya sayo daga Lome, sai ta fara wani kuka da ban taɓa ji ba. Siririn gunji ne, irin na injin niƙa idan bel ɗinsa ya saki. Yaya ya taka totur, allurar inji ta hau sama, gudu kuwa bai ƙaru ba. Can sai motar ta ƙi wuce tafiyar babur ko da ya danna har ƙasa. Muka gangara gefen kwalta, muka fake a inuwar wani gawo, ya kashe inji. Bayan kamar rabin awa ya tayar, ta tafi lafiya lau kamar ba ita ba. Da muka ƙara nisa kaɗan, ta sake.

Mako uku kafin wannan rana an yi mata juye a wani gareji a cikin gari. Yaya ya ce a haɗa da man giya, tunda ba a san rabon da a canza shi ba. Maigarejin ya leƙa ciki, ya ga sandar giya mai P da R da N da D, ya kira yaronsa ya ce ya sayo jan mai galan ɗaya. Babu mugunta a cikin abin da ya yi. Shekara da shekaru yana zuba wa motoci masu otomatik jan mai suna tafiya. Abin da bai sani ba, mu ma ba mu sani ba, shi ne akwatin giyar wannan mota, buwat kamar yadda makanikanmu ke cewa, wata halitta ce dabam da ake kira CVT.

Irin waɗannan motoci suna ƙaruwa a Damagaram, kuma za su ci gaba da ƙaruwa, domin abin da Japan da Amurka da Turai suka hau shekara goma ko sha biyar da suka wuce shi ne ke sauka a Lome da Kwatano yau. Yawanci ma su ne masu sauƙin kuɗi a wurin dillalai. Mutum ya ga mota mai kyau, mai sanyi, ba irin ta kowa ba, farashinta ya gaza na Corolla mai shekarunta, sai ya saya. Ranar da ya fara neman mai ko kayan gyara a nan ne zai gane dalilin arahar.

Kowa ya san injin niƙa: fuli ɗaya a jikin inji, ɗaya a jikin dutsen niƙa, bel ya haɗa su. In fulin inji ƙarami ne, na dutse babba, za a samu ƙarfi amma juyi a hankali. In aka juya lamarin, sai gudu ya ƙaru ƙarfi ya ragu. To a ce kowane fuli yana iya kumbura ko ya tsuke yana cikin juyawa. Wannan shi ne CVT. Kowane fuli an yi shi da faranti biyu masu tudu a tsakiya, kamar a ɗauki malafa biyu a haɗa ƙoƙunansu suna kallon juna, bel ya zauna a kwarin da ke tsakani. Idan farantan suka matso, sai su tura bel ya hau can baki, fulin ya zama babba. Idan suka buɗe, bel ya nutse ciki, ya zama ƙarami. Ɗaya na matsewa ɗayan na buɗewa, don haka babu giya ta ɗaya ko ta biyu ko ta biyar. Tafiya ce guda mai sulɓi daga tashi har ƙarshen gudu. Shi ya sa direban da ya saba da jin mota tana "sa giya" yakan zaci wani abu ya lalace idan ya ji inji ya tsaya a murya ɗaya mota kuwa tana ƙara gudu. A CVT mai lafiya haka ɗin ne daidai.

Dabarar ba sabuwa ba ce. Kamfanin DAF na ƙasar Holan, wanda muka sani da manyan motocin ɗaukar kaya, shi ya fitar da ƙaramar mota mai wannan tsari a 1958, da bel ɗin roba. Mutumin da ya ƙirƙiro ta, Hub van Doorne, shi ne kuma tushen bel ɗin ƙarfe da ya biyo baya, wanda ya shiga ƙananan motocin Subaru da Fiat da Ford a 1987, daga baya kamfanin Bosch ya sayi masana'antar da ke ƙera bel ɗin a 1995. Abin da ya sa masu ƙera motoci suka rungume shi kuwa tsimin fetur ne: inji yana zama a inda ya fi shan mai kaɗan, akwati ya yi sauran aikin.

Bel ɗin ƙarfen nan abin kallo ne. Ɗaruruwan ƴan guntayen ƙarfe ne sirara, an jera su ɗaya bayan ɗaya kamar carbi, an riƙe su da zobban ƙarfe masu laushi da aka ninka. Wasu kamfanoni, kamar Subaru da Audi, sarƙa suka yi amfani da ita a maimakonsa. Ko wanne ne dai, babu haƙori ko ɗaya da ke riƙe shi a jikin fuli. Ƙarfe ne mai santsi a kan ƙarfe mai santsi, cikin mai. Abin da ke hana shi zamewa matsi ne kawai, matsin da famfon mai ke bayarwa, wanda kan ninka iskar tayar mota sau ashirin ko fiye. Duk nauyin mota da mutanen ciki da buhunan da ke but, a kan wannan ɗan riƙon suke rataye.

A nan ne maganar mai ta zama babba. A tsohon akwatin hannu, aikin mai shafe haƙora ne don kada su ci juna. A otomatik da muka saba, jan mai an haɗa shi ne don faifan kuloci na ciki su kama a hankali, su ɗan sulɓe kafin su riƙe, yadda fasinja ba zai ji girgiza ba. Man CVT kuwa an ɗora masa aiki biyu masu karo da juna: ya hana ƙarfe cin ƙarfe, kuma a lokaci guda ya bar bel ya ciji fuli da kyau. Magungunan da aka zuba masa ke yin wannan, ido ba ya ganinsu. Idan aka zuba jan man otomatik, bel zai fara zamewa kaɗan-kaɗan. Kowace zamewa tana karce fuskar fuli. Karcen nan yana cin bel, garin ƙarfe ya shiga mai, ya bi ƴan ƙananan hanyoyin da ke raba matsi ya toshe su, matsi ya ragu, zamewa ta ƙaru. Fulin da ya karce ba ya warkewa. Ni a ganina wanda ya fahimci wannan sakin layi ɗaya ya fahimci rabin gyaran CVT: mai a cikinsa kayan aiki ne, daidai da bel da fuli, kuma shi kaɗai ne kayan da za mu iya canzawa a garin nan ba tare da wahala ba.

Kuma kama da wane ba wane ba ce. Launin mai rini ne kawai. Akwai na CVT kore, akwai ja, akwai mai ruwan zuma, don haka mai shago da ya ce "ai ga shi ja ne irin wanda ya fito" bai gaya maka komai ba. Abin da ake bi shi ne sunan da kamfani ya sa. Nissan na da NS-2 ga tsofaffi da NS-3 ga na baya-bayan nan. Toyota na da TC da FE. Honda na da HMMF da HCF-2, kuma ba a musanya su. Mitsubishi na da J1 da J4, Jeep da Dodge kuma CVTF+4. Akwai manyan kamfanonin mai da ke yin guda ɗaya mai aiki a akwatuna da yawa. Wannan ba laifi, da sharaɗin a juya galan a karanta bayansa a ga sunan naka a rubuce. In babu, a ajiye shi. Sannan ga matsalar jabu, tsohon galan da aka sake cikawa aka manne murfi. A duba hatimin murfin, a saya a wurin wanda gobe za a iya komawa a same shi, in an gama kuma a huda galan ɗin kafin a yar.

Mai motar da ba kowa ke da irinta ba yakan ji kamar shi kaɗai ne a duniya. Ya zagaya shagunan kayan mota a Zango, ya faɗi sunan motarsa, kowa ya girgiza kai. Ya aika Kano, a zagaya Ƙofar Ruwa, a dawo a ce babu. Sau da yawa tambayar ce ba a yi daidai ba. Masu ƙera akwatin CVT a duniya kaɗan ne, su ke sayar wa kamfanonin motoci. Jatco, wanda Nissan ke da mafi yawan hannun jarinsa, ya yi wani akwati mai lamba JF011E da ya shiga Qashqai da X-Trail na Nissan, da Outlander da Lancer na Mitsubishi, da Dodge Caliber, da Jeep Compass da Patriot, har da Renault Koleos. Mota ƴar Amurka da ƴar Faransa da ƴar Japan, tambari dabam-dabam, ciki dangi ɗaya. Wanda ya je shago ya ce yana neman matatar man giyar Caliber zai iya dawowa hannu rabbana, alhali irin wadda za ta yi masa tana nan a kan kanta da sunan Qashqai. Don haka abu na farko da mai irin wannan mota zai yi, tun kafin komai ya lalace, shi ne ya sa a duba lambar da ke jikin akwatin, ya haɗa da lambar shasi mai harafi da lamba 17, ya rubuta su a wayarsa tare da sunan man. Mota iri ɗaya ma takan zo da akwati dabam bisa ga shekara da ƙasar da aka yi wa ita, shi ya sa sunan da ke bayan but bai isa hujja ba.

Sai dai kada dangantakar ta ruɗi mutum. Matata da gasket da wasu ƙananan kaya na iya zama ɗaya, amma akwatin gaba ɗaya ba lalle ya zauna ba, domin bakin da ke haɗuwa da inji da wayoyin lantarki da tsarin taya biyu ko huɗu sun bambanta. Haka kuma motocin Toyota masu haɗa fetur da batir, irin su Prius, ana rubuta musu e-CVT amma babu bel ko fuli a cikinsu, kuma mansu dabam ne.

Makaniken da ya ceci motar Yaya wani dattijo ne da ya yi shekaru yana aiki a Kano kafin ya dawo gida. Da muka kai masa da la'asar muka ba shi labari, bai ko buɗe bonet ba. Ya ce, "Alhaji, bar min ita ta kwana a nan. Gobe bayan asuba za mu taɓa ta." Yaya ya ce, "Malam, da sauran rana ai, ko ba za a fara ba?" Ya ce, "Ranar ce matsalar."

Sai washegari na gane nufinsa. Mai yana kumbura idan ya yi zafi, don haka auna shi a CVT yana da ƙa'idar zafi. Da yawa daga cikin na zamani ba su da sandar awo ma sam. Wani ɗan noti ne a ƙasa, a buɗe shi inji na aiki, mota a shimfiɗe daidai, abin da ya yi yawa ya zubo. A akwatunan Toyota da Nissan da yawa, ana yin wannan ne lokacin da zafin man yake tsakanin digiri 35 da 45. A Turai sai an tayar da mota an jira ta kai nan. A Damagaram a watan Afrilu ko Mayu, iskar gari kanta ta wuce 40 da rana, motar da ta yini a fili ta riga ta tsallake ƙa'idar tun ba a murza makulli ba. Wanda ya auna a wannan lokaci zai zubar da man da ya kamata ya zauna, mota ta fita da ƙarancin mai alhali kowa na ganin an cika. Ƙarancin mai na sa famfo ya zuƙi iska matsi ya faɗi. Yawansa kuma na sa ya yi kumfa ya yi zafi, kumfa kuwa ba ta matse fuli. Dattijon nan da sanyin safiya ya yi aikinsa, kwamfutar gwaji a jone tana nuna masa zafin man.

Na tsaya na kalli yadda ya yi. Ya share ƙasan motar da tsumma kafin ya kwance komai. Ya tsiyaye man a roba mai awo, ya duba lita nawa ya fito. Ya sauke farantin ƙasa, ya ciro ƴan maganaɗisun da ke manne a ciki, ya shafo da yatsa ya nuna mana: wani baƙin laushi kamar kwalli da aka kwaɓa. Ya ce wannan cin yau da kullum ne, ba abin tsoro ba. Da ya ga ƴan ɓarɓashi masu walƙiya kamar ɓawon kifi, da ya ce mana mu fara neman kuɗin wani akwati. Ya shinshina man, yana da ɗan ƙauri amma bai ƙone ba. Ya canza matatar da ke cikin farantin, sannan ya ciro wata ƙaramar matatar takarda a gefen akwati, wurin da mai ke shan sanyi, wadda ya ce yawancin masu juye ba su ma san da ita ba. Mazurarinsa a cikin leda yake a ɗaure, rataye a ƙusa, ba a zuba komai da shi sai man CVT. A garin da hunturu ke shigar da ƙura har cikin tukunyar miya, wannan ledar ba ƙaramin abu ba ce, domin hanyoyin mai a cikin akwatin wasu ba su fi bakin allura ba.

Tsiyayewa ɗaya ba ta fitar da mai duka. Kusan rabi ke fita, sauran yana maƙale a cikin fulaye da bututu da sauran sassa. Don haka ya zuba sabo, ya ce mu yi kwana uku muna yawo a cikin gari a hankali, mu dawo ya sake tsiyayewa, sannan a karo na uku. Kuɗin mai ya yi zafi, Yaya ya yi ta lissafi, amma jan man da ya rage a ciki sai da aka tsarma shi ta haka. Bai yarda da injin da ke tura mai da ƙarfi don wanke akwati ba, ni ma ban yarda da shi ba ga tsohuwar mota, saboda yana iya tayar da dattin da ya kwanta ya kai shi inda bai kamata ba.

Akwai maganar da ke yawo cewa tsohon man giya ba a taɓa shi, in an canza akwati zai mutu. Tana da tushe. Akwatin da ya riga ya cinye kansa, mai shi ba ya tunawa da mai sai ya fara jin girgiza, a canza, bayan mako biyu ya tsaya, sai a ce sabon mai ne ya kashe shi. Ajalinsa ya riga ya zo. Akwai kuma ta biyu, mai kama da ilimi, cewa kamfani ya ce man na har abada ne. Littattafan motoci da yawa suna da jadawali biyu, na tuƙin yau da kullum da na tuƙin wahala, kuma abin da suka lissafa a matsayin wahala shi ne zafi mai tsanani da ƙura da kaya masu nauyi da hanya marar kwalta. Wato rayuwarmu ce suka siffanta. Audi da Mercedes, ko a Turai, kilomita 60,000 suka sa wa akwatunansu na CVT. Masana mai kuma suna da ƙiyasin cewa duk ƙarin digiri 10 na zafi yana ninka saurin lalacewarsa. Ni dai da za a tambaye ni, a nan ba zan wuce kilomita 40,000 ba, wato kamar zuwa Yamai da dawowa sau 22. Motar da ta sauka yanzu kuwa a canza mata nan take, kada a dogara da lambar da ke allo. In ƴar Amurka ce a tuna mil take ƙirgawa, kowane mil kilomita 1.6 ne.

Abin da ya faru da mu a hanyar Matamaye kuwa kariya ce. Idan kwamfutar mota ta ga zafin man ya kai wani matsayi, sai ta rage ƙarfin inji da gangan don kada akwati ya ƙone. Direba ya ga mota ta mutu a hannunsa, ya ƙara dannawa, alhali hutawa take roƙo. Zafi tsohon abokin gabar CVT ne, har a ƙasashen da ba su kai mu rana ba. A Amurka, Nissan ta tsawaita garantin akwatunan motocinta na 2003 zuwa 2010 ya kai shekara 10 ko mil 120,000. Mu da ke sayen su bayan garanti ya ƙare, sai mu kula da abin da ke sanyaya su. A motoci da yawa ruwan lagireto ne ke ɗauke zafin man giya. Lagireton da ƙura da ciyawa suka toshe, ko fanka mai rauni, ko ruwan rijiya da ake ta ƙarawa har tsatsa ta cika ciki, duk akwatin giya na biyan kuɗinsu tare da inji. Mai yawan tafiyar Agadas ko Diffa, ƙara wa motarsa ƙaramin lagireton man giya a gaba abu ne mai amfani, in an samu wanda ya iya haɗa bututun ba ɗigo.

Sai yashi. Duk wanda ya sauka daga kwalta zuwa ƙauye ya san yadda muke yi idan mota ta kafe: a ba ta wuta, a sa gaba a sa baya da sauri, matasa na turawa. Taya na juyawa a banza cikin rairayi, sai kwatsam ta cafki ƙasa mai tauri. Wannan fizgar kai tsaye take zuwa kan bel, kuma sau ɗaya ya isa ya bar tabo a fuli. Tsalle ɗaya ke jefa mutum rijiya. Gara a rage iskar taya, a tone, a sa itace ko tabarma, a fita a hankali. Haka jan wata mota da igiya, da lodin Sallah har bayan mota ya zauna, da sa R mota ba ta gama tsayawa ba. In ita ce ta lalace a hanya, kada a ja ta tayoyin da ke tuƙi suna ƙasa, domin inji ne ke juya famfon mai, in ya mutu komai a bushe yake juyawa. A ɗora ta a kan wata motar. Da damina kuma, in an ratsa kwari ruwa ya kai cikin mota, a duba man. In ya koma kamar shayi da madara, ruwa ya shiga.

Ba kowace girgiza ce ta akwati ba, kuma wannan ya jawo wa mutane asara mai yawa. Fulogi da ya mutu, ko fetur ɗin kwalba da aka gauraya, ko robar da ke riƙe inji da ta tsage, ko batir mai rauni da ke rikita kwamfuta, duk suna iya sa mota ta yi kakkarwa wajen tashi kamar bel ne ke zamewa. Makaniken da ya ce a sauke akwati tun bai jona kwamfutar gwaji ya karanta lambobin matsala ba, a nemi ra'ayin wani.

Idan kuwa ta tabbata akwatin ya tafi, gaskiya mai ɗaci ita ce zaɓin kaɗan ne. Buɗe CVT a gyara ciki yana son ɗaki mai tsabta da kayan aiki na musamman da kayan gyara na asali, abin da ba a cika haɗa su wuri ɗaya a yankinmu ba. Mafi yawa na kwance ake sayowa, wanda ba wanda ya san tafiyar da ya yi. Wanda zai sa na kwance ya tabbatar lambar ta yi daidai, ya sa a wanke ko a canza bututu da abin sanyaya mai, saboda garin ƙarfen tsohon yana nan a ciki yana jiran sabon. A akwatuna da yawa kuma sai an sanar da kwamfutar mota bayanan sabon, in ba haka ba za ta riƙa ba shi matsin da ba nasa ba. Masu cewa a cire CVT a sa otomatik na gargajiya suna sauƙaƙa magana. Kwamfutar inji da ta akwati da ta birki hira suke da juna, in aka cire ɗaya sauran sai su rikice.

Ba na cikin masu cewa CVT ba ta da kirki. Ma'aikacin da tafiyarsa daga gida zuwa ofis ce, da Mirya ranar Lahadi, da Kano lokaci-lokaci a kan kwalta, zai ji daɗinta, zai kuma ga sauƙi a gidan mai. Amma ɗan kasuwar da ke bin kasuwannin ƙauye ta cikin yashi da kaya har rufi, ina ba shi shawara da zuciya ɗaya ya nemi mai giyar hannu, komai kyan da waccan ta yi masa a ido. Abin da ke damuna shi ne babu mai gaya wa mai saye wannan a lokacin ciniki. Dillali bai sani ba ko bai faɗa ba, makanike bai taɓa samun wanda ya koya masa ba, mai shago kuma abin da ke kan kantarsa zai sayar. Yaran da ke koyon aiki a garejojinmu su ne za su karɓi waɗannan motoci shekara goma masu zuwa, kuma da yawansu suna da waya a aljihu da basirar da za su koya cikin mako guda in an nuna musu. Cibiyoyin koyar da sana'a da ƙungiyoyin makanikai na garin nan suna da aiki a gabansu.

Motar Yaya tana nan tana tafiya. In ta yi sanyi da safe takan ɗan yi kakkarwa wajen tashi, alamar da makonni ukun nan suka bari, dattijon kuma ya gaya masa ba za ta tafi ba. Ya rubuta masa sunan man da kilomitar juye na gaba a wata ƴar takarda, ya manna a jikin ƙofar direba. Galan biyu na man suna ajiye a ɗakin Yaya, ya sa an taho masa da su daga Kano tun kafin lokaci ya yi.